Tambaya da Amsa: Fitilar da ke Nuna Moton Filaf Yana Aiki

Tambaya: Assalamu alaikum. Na harhaɗa ƙaramin jirgi mai kujeru biyu, wutarsa volt 14 ce, filaf ɗinsa kuma, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa lokacin sauka, moto ne ke ɗaga shi yana sauke shi. Makunnin yana komawa tsakiya da kansa idan na danna ƙasa, amma idan na tura shi sama can yake zama. Sai filaf ya gama naɗewa moton ya ci gaba da juyawa, ƙarar inji kuma ba ta bari in ji. Yaya zan sa fitila a gabana da za ta riƙa sanar da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Damuwarka tana kan hanya. Irin wannan moto, kamar wanda aka daɗe ana sa wa jiragen RV na kamfanin Van's, ba ya tsayawa da kansa idan sandarsa da ke tura filaf ta kai ƙarshe, sulɓewa yake yi ya ci gaba da juyi a banza. An yi shi ne don aikin 'yan daƙiƙu. Idan ya shafe awa yana juyawa sai ya ɗau zafi, burushinsa na kabon ya cinye, giris ya yi ruwa ya gangara inda burushin ke gogawa. Ranar da za ka zo sauka ka danna makunni, shiru.

Abin da ke rikita mutane shi ne wayoyin moton guda biyu ba su da tsayayyen fozitif da negetif. Makunnin musanya su yake yi: wannan ta ɗauki wuta moto ya juya dama, waccan ta ɗauka ya juya hagu. Idan ka jona fitilar LED kai tsaye, ɓangare ɗaya kawai za ta kama, a ɗaya ɓangaren kuma volt 14 ne zai doke ta ta baya, alhali yawancinsu ba sa jure fiye da volt 5 ta baya. Maganin wannan shi ne gadar dayod, wato dayod huɗu irin 1N4004 da aka haɗa (dayod na barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai), ko ka sayi haɗaɗɗiya mai ƙafa huɗu ta am 1. Ƙafafu biyu masu alamar ~ su tafi wayoyin moto, mai alamar + ta tafi doguwar ƙafar fitila, mai alamar − ta tafi gajeriyar. Ko ta ina wuta ta biyo, fitila za ta same ta daidai.

Sai rezista, mai rage yawan wutar da ke wucewa. Gadar tana cin kusan volt 1.4, fitila mai ruwan ɗorawa tana cin kusan volt 2, saura 10.6. Da om 660 za ka samu kusan miliam 16, haske isasshe ko da rana. Amma kada ka sa rezista ɗaya a bayan allon mitoci. Raba ta biyu, om 330 mai wat 1 a kan kowace waya, kuma ka liƙa su dab da inda ka tsago wutar daga wayoyin moto. Dalili kuwa, birekar filaf, mai yanke wuta idan ta yi yawa, an auna ta ne da kaurin wayar moto, ba za ta kare siririyar wayar fitila ba, kuma wayoyin biyu kowace tana ɗaukar wuta a nata lokacin. Idan wayar fitila ɗaya ta goge ta taɓa jikin jirgi, rezistar za ta tsayar da wutar a wajen miliam 42: ba hayaƙi, bireka ba za ta faɗi ba, filaf kuma yana nan yana aiki. Wannan ne wurin da muka fi so ka kula, domin bai kamata fitilar gargaɗi ta zama ita ce ta kashe abin da take gadi ba. Mai jirgin volt 28 ya sa om 820 mai wat 2 a kowace waya.

Wayar ta zama lamba 22 mai rigar Tefzel, a murɗe biyun tare, a ɗaure su nesa da sandar filaf da igiyoyin sarrafa jirgi. Ƙafar rezista tana karyewa da girgiza, don haka bayan dalma ka rufe ta da robar da ke tsukewa da zafi, ninki biyu, yadda robar za ta kama rigar wayar ta kowane gefe. Launi kuwa, a al'adar jiragen sama ja na abin da ke neman ɗauki nan take ne, ruwan ɗorawa na jan hankali. Naka na biyun ne. Kafa ta inda ido ke faɗawa, ka rubuta mata suna a ƙasa.

Kuskure guda da muke roƙon kowa ya guje wa: sa dayod ɗaya tsakanin wayoyin moto da sunan kashe tartsatsi, kamar yadda ake yi wa rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa. A moto mai juyawa gaba da baya, da zarar wuta ta juya dayod ɗin ya haɗe fozitif da negetif kai tsaye, bireka ta faɗi. Idan moton yana sa ƙara a rediyo, kafasita mai maikurofarad 0.1 ta volt 100 a bakin moton ita ce ta dace.

Gwada a ƙasa, inji a kashe: sauke filaf, fitila ta kama, saki makunni, ta mutu, ɗaga, ta sake kamawa ta zauna har sai ka dawo da makunnin tsakiya. Maimaita da inji a kunne, sannan ka rubuta aikin a littafin jirgi, ka kuma duba abin da takardar izinin jirginka ta ce game da sauye-sauye.

Tambaya: Nawa moton yana da makunnin iyaka da ke yanke wuta idan filaf ya kai ƙarshe. Na sa fitila amma ba ta mutuwa ko da moto ya tsaya. Me ya faru?

Amsa: Ka tsago wutar ne kafin makunnin iyaka, don haka fitilar tana ba ka labarin makunnin hannunka ne, ba na moto ba. Idan makunnan iyakar a waje suke, mayar da wayoyin fitila can gaba da su, a bakin moton kansa. Idan kuwa a cikin gidan moton aka rufe su, to wutar da ke gudana za ka bibiya. Samo ɗan makunnin gilashi mai aiki da maganaɗisu, ka naɗe wayar moto ɗaya a jikinsa kamar zagaye goma zuwa ashirin, sai ya riƙa rufewa duk lokacin da moto ke jan wuta, shi kuma ya kunna fitilar da ke cin wuta daga fis ɗinta na am 1. Yawan zagayen gwaji ne ke nuna shi, domin moto yana jan wuta kaɗan a ƙasa, ya ja da yawa a sama inda iska ke danne filaf. Ka daidaita shi a ƙasa.

Tambaya: Fitilar za ta nuna min inda filaf ya tsaya?

Amsa: A'a. Wuta a kan moto kawai take gani. Ko sandar ta kwance daga mariƙinta, fitila za ta kama kamar komai lafiya, shi ya sa kan sandar ke buƙatar ɗauri da wayar tsaro da dubawa a kowane binciken shekara. Don sanin matsayi sai na'urar auna tafiya, kamar POS-12 ta kamfanin Ray Allen mai tafiyar inci 1.2, a jona ta da hannun da ke juya filaf, ta aika wa mita ko allon kwamfutar jirgi.