Tambaya da Amsa: Regiletata ta ƙi hawa bakin tukunyar iska

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ban daɗe da kammala koyon nutso da tukunyar iska ba, kuma na sayi regileta ta kaina, wato na'urar da ke rage matsin iskar tukunya domin a iya shaƙa. Da na je wurin da ake ba da hayar tukwane, sai ta ƙi hawa bakin wadda aka ba ni, aka ce tawa DIN ce, tasu kuma yok. Shin na yi kuskure wajen saye ne, kuma mece ce mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba ka yi kuskure ba, domin hanyoyi biyu ne aka fi amfani da su wajen haɗa regileta da bawul ɗin tukunya. A tsarin yok, regileta tana rungumar kan bawul ne daga waje, a matse ta da ƙusa mai murɗawa, kuma zoben robar da ke hana iska zurarewa yana jikin bawul ɗin. Shi ya fi yawa a Amurka da yankin Karebiyan, kuma ba a ɗora shi a kan tukunyar da matsinta ya wuce bar 232 (bar ma'aunin matsin iska ne). A tsarin DIN kuwa, wanda ya samo sunansa daga hukumar tsara ma'aunai ta Jamus, regileta ce ake murɗawa ta shige cikin bawul kamar yadda ƙusa ke shiga noti, zoben robar yana jikinta, ƙarfe ya kewaye shi ta kowane gefe, don haka da wuya matsi ya fitar da shi. Wannan ne ya sa masu shiga kogwannin ƙarƙashin ruwa da tarkacen jiragen ruwa suka fi yarda da shi, ni ma shi nake ba sabon mai nutso shawarar saye.

Mafitarka mai sauƙi ce. Ka sayi adafta da ake murɗawa a bakin regiletar DIN ta koma yok, ka riƙa ajiye ta a jakar kayanka. Kafin ma ka ɗauko ta, ka leƙa bakin bawul ɗin, saboda da yawa daga cikin tukwanen haya suna da ɗan ƙarfe a ciki wanda ake warwarewa da alanki, nan take bawul ya koma DIN. Ba a taɓa wannan ƙarfe sai bawul yana rufe.

Shi kansa DIN iri biyu ne. Na bar 232 yana da haƙoran murɗi 5, na bar 300 kuma 7. Regileta ta bar 300 tana zama daidai a kan dukkan biyun, amma ta 232 ba za ta kai ƙarshen bawul na 300 ba, iska za ta riƙa fita, kuma da gangan aka ƙera su haka domin kada a ɗora wa na'ura matsin da ya fi ƙarfinta. A Turai za ka iya cin karo da wani nau'in baki mai suna M26 a tukwanen naitroks, wato iskar da aka ƙara wa oksijin, kuma wannan bakin bai dace da DIN na yau da kullum ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da za ka mallaki tukunya taka. Wuyan tukunya, inda bawul yake zama, yana da nasa haƙoran: M25 a mafi yawan tukwanen Turai, inci uku bisa huɗu a na Amurka. Sun yi kusa da juna ƙwarai, har bawul na M25 yakan shiga wuyan da ba nasa ba ya yi kamar ya zauna, sai ana tsakiyar cika tukunya ya tsinke da ƙarfin da ya isa ya kashe mutum, kuma an yi asarar rayuka ta haka. Kada ka sauya bawul da hannunka. Ka kai wa ƙwararre ya karanta lambobin da aka buga a kafaɗar tukunya da jikin bawul kafin ya ɗaura.