Tambaya da Amsa: Tal National ta dā ko ta yanzu, wace ta fi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lahiya, ya aiki ya iyali, ya muka ji da zafi. Ni tela ne a unguwar Zaria nan Maradi, kuma gardama ce ta kawo ni wajenka don ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sati biyu kenan kullum in an ɗora shayi a fada sai mun tada ta ni da ƙanen matata. Ni na ce makaɗan nan Tal National tun daga faifansu A-Na Waya ba su sake yin faifan da ya kama ƙafarshi ba, lokacin nan kiɗansu namu ne, in an sa shi a wajen biki har tsohuwa sai ta motsa kafaɗa, amma tunda sunka fara hawa jirgi suna zuwa ƙasashen Turawa sai kiɗan ya koma gudu-gudu kamar ana korarsu. Shi ko yaron cewa ya yi faifansu Tantabara ya fi komi da sunka taɓa yi, wai ni tsufa ne ya fara kama ni. Don Allah Malam a raba mu, kuma mi ya sa kusan kowace ƙungiyar makaɗa aikinta na farko shi ya fi daɗi?

Mai karatunku kullum, daga Zaria, Maradi

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, lahiya lau, zafi kam lokacinshi ne. Wallahi tambayarka ta yi min daɗi don ni ma na daɗe ina juya wanga zance a raina, kuma zan gaya maka tun yanzu cewa kana da gaskiya a wani wuri, surukinka ma bai yi ƙarya ba, amma akwai wuri guda da na ga ka ɗora ma mutanen nan laifin da ba su yi ba.

Mu fara da abin da ya faru. Almeida, wato Hamadal Issoufou Moumine, ya kafa ƙungiyar a Yamai a shekarar 2000, sunan kuma daga rairayin Tal ne can wajen Gigimi a jihar Diffa. Faifan farko Apokte bai fito ba sai 2006. Ka lura da wannan tazarar, shekara shida suna kiɗa a gidajen biki da wuraren rawa, dare bayan dare, awa huɗu awa biyar a tsaye, kafin su je su naɗi komi. To duk waƙar da ta shiga faifan farko da na biyu, wato A-Na Waya, ta riga ta sha gwaji a gaban jama'a, wadda ba ta tada mutane daga kujera an yar da ita tuntuni, wadda mata sunka yi ma guɗa ita aka riƙe, an san inda za a sassauta don mai liƙi ya samu shiga, an san inda mai kalangu zai amsa ma gita. Kai tela ne ka fi ni sanin wannan, rigar da aka gwada ma mai ita sau uku kafin a kai mashi ba ɗaya take da wadda aka ɗinka daren salla ana jira bakin shago ba. Faifan da ke biyo baya sau da yawa ɗinkin daren salla ne, akwai kamfani shina jira, akwai ranar tafiya an riga an sa, dole a kawo sabbin waƙoƙi takwas ko goma cikin shekara biyu, wasu ma a situdiyo ake fara jin su. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa aikin farko na ƙungiyoyi da yawa ke zama daram a kunne, kuma a nan na ba ka gaskiya ɗari bisa ɗari.

Inda ban yarda da kai ba shi ne maganar Turawa. Ka san wa ya naɗi A-Na Waya ɗin da kake ƙauna? Ba'amurke ne, Jamie Carter, daga Chicago ya ɗauko kayan naɗi ya zo Yamai, saboda lokacin samun situdiyo mai kayan kirki a ƙasar nan aiki ne babba. Shi ne dai ya sake dawowa anka yi Kaani, wanda kamfanin FatCat na Ingila ya fitar ma duniya a 2013, sannan Zoy Zoy a 2015, sannan Tantabara a 2018. Kenan hannun da ya murɗa na'ura a faifan da kake yabo shi ne a waɗanda kake kuka da su, kuma a Yamai anka yi aikin, ba a ɗauke su an kai su wani gari an ce ga yadda za ku yi ba. Har yau da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci suke waƙa, kalangu bai bar wurinshi ba. In da neman kunnen Bature sunka yi da sassautawa za su yi, su gyara komi sumul su sa a hankali, to Tantabara ko ta fi duk sauran zafi da ƙura, gita biyu suna tsere ganguna suna bin su. Wannan gudun da kake ji, ni a nawa jin, gudun mutanen da sunka shekara goma sha takwas suna kiɗa tare ne har hannunsu ya kai inda dā bai kai ba, kuma suna son a ji ya kai.

Wani abu da zai ba ka mamaki, a Amurka da Ingila masu sauraro da yawa Kaani sunka ɗauka shi ne faifansu na farko, don shi sunka fara gani, alhali mu nan mun san na ukku ne. Suna can su ma suna irin gardamarku, wani ya ce ai na farkon ya fi, shina nufin Kaani, wanda kai kake lissafawa cikin na baya-bayan nan da sunka lalace. Kowa inda ya fara haɗuwa da su nan yake kira asali.

Shi ya sa zan tambaye ka, kuma ba don in goyi bayan yaron ba, a ina kake lokacin da A-Na Waya ke tashe? Ina jin ba ka yi aure ba ko kuwa sabon aure ne, kuna yawon biki da abokai bisa moto, ana tura waƙa daga salula zuwa salula da bulutut, dare ya yi nisa ba mai jiranka da kuɗin cefane. Waƙar da mutum ya ji a wannan shekarun tana shiga da ƙamshin wurin da fuskokin mutane, wasu ma sun riga mu gidan gaskiya, kuma ba faifan da za a yi yau ya zo maka da su. Ni ma haka nike da faifan Denké-Denké na ƙungiyar Mamar Kassey na 1999, in na ji sarewar Yacouba Moumouni a ciki sai idona ya cika, alhali in zan faɗi tsakani da Allah Alatoumi da ya biyo baya bai gaza shi ba ko kaɗan. Wannan ba tsufa ba ne kamar yadda surukinka ya ce, kuma ka gaya mashi ya rage wannan kalmar, kai yayan gidan ne. Nan da shekara goma sha biyar shi ma haka Tantabara za ta zame mashi.

Amma fa kar a ɗauka koken naka ba shi da tushe ko'ina, akwai inda kiɗa ya canza riga da gaske bayan an fita waje. Dubi Bombino mai gita na Agadas, faifanshi Agadez na 2011 gita ne da tafi da ganga, sarari ko'ina kamar kana zaune da su bisa tabarma, sai Nomad na 2013 da makaɗin Amurka Dan Auerbach ya shirya a Nashville can ƙasarsu, an ƙaro kayan kiɗan da ba a san Buzaye da su ba, sautin ya yi kauri ya cika ɗaki. Wasu sun so haka wasu sun ce an rufe mashi murya, ni ina cikin masu komawa ga na 2011. Mdou Moctar kuma, shi ma Buzu mai gita, nashi ya fi ban mamaki, Anar na 2008 a Sakkwato ya naɗe shi, da kiɗan na'ura da muryar nan da kwamfuta ke lanƙwasawa irin ta waƙoƙin fina-finan Hausa, ya bazu a katin memori ba kamfani ba talla, yau kuma ka saurari Afrique Victime na 2021 ka ji gita tana kuka kamar hadari, kai ka ce ba mutum guda ba ne. To a nan wanne ne asali? Na farkon ma ai aro ne daga Kano da Sakkwato, na 2021 ɗin shi ya fi kama da abin da yake yi a bikin ƙauye da janareto. Ka ga ba kullum ne na farko ke zama na gida ba.

Abin da na tabbata ana asararshi in faifai zai fita waje shi ne tsawo da yabo. Waƙar da a filin biki za ta ci minti ashirin ana kiran sunan uwar amarya da ƙawaye da Alhazan da sunka zo, a faifai sai a datse ta ta koma minti biyar ko shida, don wanda zai saye a Landan bai san kowa a ciki ba. Mu kuwa rabin daɗin a wannan kiran sunan yake. Kuma ba za ka ga laifin makaɗan ba in ka tuna yadda kasuwar faifai ta mutu a nan, su Tal da kansu a shataletalen Yamai sunka riƙa saida CD hannu da hannu, yau ko mutum guda ya saye gobe unguwa duka ta samu a waya kyauta, mai gita bai ga ko dala ba. Wanda ke da mutum fiye da goma a wuyanshi dole ya duba inda ake biya.

In ka matsa min in zaɓa, ni Kaani nike ɗauka, a nan ne waƙoƙin ke da sauran ƙurar filin biki kuma naɗin ya fito tsab kana jin kowane kaya a wurinshi. Tantabara ta fi gwaninta, A-Na Waya ta fi shiga jiki. Kafin ku sake gardama ku yi abu guda, ku samo su ukkun masu kyau ba waɗanda anka tura sau ɗari har sautin ya shaƙe ba, ku sa a sifika guda mai bas ba bakin salula ba, don lasifikar waya tana cinye bas da ƙasan kalangu ta bar maka ƙarar gita kaɗai, kuma ina zargin rabin hayaniyar da kake ji a Tantabara daga nan take. Ku ji kowane daga farko har ƙarshe ba tsallake, shayi na farko faifai na farko, har na ukku. Ka rubuto min yadda kunka ƙare.

TAMBAYA

Malam ina wuni. Mahaifinmu Allah ya jiƙanshi ya bar kwali cike da kaset, akwai na Saadou Bori da yawa, yayyena sun ce a zubar tunda ba rediyon da ke cin su yanzu, ni kuma raina bai so. Suna da wani amfani?

Ƴarku daga Ali Dan Sofo

AMSA

Allah ya jiƙan baba ya sa ya huta. Ƴata kar ki bari a zubar, ko guda. Saadou Bori mawaƙi ne namu na Maradi, ya rasu a hatsarin hanya a 2008, kuma abin da duniya ta fi sani nashi shi ne Niamey Twice na 1994 da sunka yi da Moussa Poussy, kamfanin Stern's na Landan ya fitar. Sauran aikinshi mai yawa a kaset ya yi yawo, irin wanda ake naɗa a gida ko a wajen wasa, don haka ba mamaki cikin kwalin nan akwai abin da ba ya intanet ko kaɗan.

Ki fidda su daga inda rana ke bugu ko damshi ke kamawa, zafi shi ke sa zaren ya manne, ki jera su a tsaye nesa da sifika da talabijin saboda maganaɗisu na goge sauti. Kafin a sa kowane a na'ura a sa biro a ramin a juya a hankali a ga ko zaren na tafiya, wanda ya yi fumfuna a ware shi gefe kar ya shafa ma sauran. Masu gyaran rediyo a babbar kasuwa ba a rasa mai tsohuwar na'urar kaset, sai a haɗa ta da kwamfuta da waya a naɗe, amma a fara gwada ta da kaset ɗin da ba ki damu da shi ba don tsohuwar na'ura na tauna zare. Duk abin da baba ya rubuta a jikin kwalin kaset, suna ko shekara ko wurin wasa, ki ɗauki hotonshi ki sa ma fayil ɗin wannan sunan, sannan ki ba kowane cikin yayyenki kwafi a katin memori, kaset ɗin kuma su zauna wajenki.