Amsa ga ɗan'uwan da aka ce wa "za mu kira ka"

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce sau huɗu kana zuwa tantancewa a Kano ana sallamarka da "za mu kira ka", har kana tambaya ko ka haƙura da fim. Wallahi da na karanta sai da na ajiye wayar, don ƙayar da ta soke ka ni ma ta soke ni.

Ni a wani ƙauye nake a ƙasar Ringim. Kakar bara waccan aka yi sanarwar neman 'yan wasa na wani shiri mai dogon zango. Na sayar da riɗin da na ware don sayen takin damina, na yi sammako, na sauka a Yankaba, na hau adaidaita zuwa Zoo Road. Tun hantsi muke tsaye a rana, ba a kira ni ba sai bayan la'asar. Rol ɗin ɗan aiken dagaci ne, kwana uku ina haddarsa a gona. Na shiga, mutum uku a zaune, na tsakiya yana ta danna waya. Ban kai jimla ta uku ba ya ce, "Malam, mabiyanka nawa a TikTok?" Ko ɗago kai bai yi ba. Na ce ranka ya daɗe, a garinmu sai an hau tudu ake samun sabis. Sai ya yi dariya, ya ce wa na gefensa a ajiye ni cikin masu cika taro. A gabana fa, kamar ba ɗan Adam ne a tsaye ba. Da ya ce wasana bai yi ba, da na karɓa. Amma bai kalla ba! Har yau in na tuna dariyar nan sai ƙirjina ya yi zafi. Na bar shi da Allah.

Na rasa motar ƙarshe, a masallacin tasha na kwana. Washegari Inna ta dube ni kawai ta miƙo mini fura, ba ta tambayi komai ba. Wannan ya fi komai karya mini zuciya.

To ka ji, kada ka sake taɓa kuɗin gona saboda tantancewa. Duk wanda ya ce ka biya kafin a ba ka rol, juya ka tafi. Kuma ba kullum laifin wasanka ba ne. Tunda kasuwar faifai ta mutu aka koma YouTube da tashoshi irin Arewa24, furodusa fuskar da za ta jawo masu kallo yake nema. Wani lokaci ma an riga an ba da rol ɗin tun kafin ku hau layi.

Abin da ya dawo da ni hayyacina shi ne ƙungiyar diramarmu ta gida. Muna yin wasa a filin firamare ranar kasuwa da lokacin sallah, tsofaffi na dariya har da hawaye. Ai Kannywood ɗin ma daga irin waɗannan ƙungiyoyi ta taso, 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa ne suka yi fim ɗin Turmin Danya a 1990. Kada ka raina ƙaramin rol, ni sin biyu, wato fitowa biyu a cikin fim, na samu daga baya, ta hannun wani mai kwantiniti, wato mai lura da daidaiton fitowa-fitowa a wurin ɗaukar fim, da muka sha rana tare a layin nan. Ka riƙa gaisawa da irin su, su ne ke tuna mutum a lokeshin. Ka kuma yi rajista da Hukumar Tace Fina-finai tun yanzu.

Sai 'yan majalisa masu ce maka "jarumi" da gatse. Ni wata guda na daina zama da su, kuma ban yi nadama ba.

Ka sa wani ya ɗauke ka a waya kana yin sin ɗin da ka yi musu, ka turo mini in gani. Bayan isha'i nake hawa tudun.