Amsoshin Tambayoyinku: Tayar Dusar Ƙanƙara Ko Tayar Duk Shekara?

Da zarar watan Oktoba ya kama, saƙonnin 'yan'uwanmu mazauna Kanada da Turai sai su koma kan abu guda, wato taya. Na zaɓo biyar daga ciki, har da guda daga gida wadda ta fi ba ni sha'awa.

Tambaya ta farko, daga wani ɗalibi a Montreal:

"Assalamu alaikum Malam. Na zo karatu a watan Agusta, na tara ɗan abin da na tara na sayi tsohuwar Corolla. Wanda ya sayar mini ya ce tayoyinta na duk shekara ne, kuma sababbi ne. Yanzu abokaina sun ce dole in sayi wasu huɗu saboda sanyi. Anya ba cin kuɗi ba ne kawai?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Abokanka sun faɗa maka gaskiya, kuma a inda kake zaune ma hukuma ta riga ta yanke maka shawara. A lardinku na Kebek, duk motar da aka yi wa rajista a lardin dole ta kasance da tayoyin sanyi daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Tun 2008 dokar ke aiki, a 2019 aka dawo da ranar farawa daga 15 ga Disamba zuwa 1 ga wata. Wanda aka kama, tarar dala 200 zuwa 300 ce.

Ka fita ka tsuguna gefen motarka ka duba jikin tayar. Abin da kake nema shi ne ɗan zanen dutse mai kawuna uku, da hoton ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. Idan haruffan M+S kaɗai ka gani, to tayar duk shekara ce ta gama-gari, kuma dokar Kebek ba ta san da ita ba. Haruffan nan kamfani ne ke buga su bisa yanayin zanen tayar, shi kuwa tambarin dutse sai taya ta ci jarrabawar gwaji a kan dusar ƙanƙara ake sa mata.

Amma bari mu ajiye 'yan sanda gefe, domin ba na son ka saya don tsoron tara kawai. Mutanenmu da yawa suna ɗauka dusar da ke kan hanya ce matsalar, saboda haka in an share titi shi ke nan. Sanyin kansa ne matsalar farko. Robar tayar duk shekara tana fara taurarewa da zarar ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 7, kamar yadda man shanu ke daskarewa a ƙwarya da sanyin asubar hunturu. Roba mai tauri ba ta kama kwalta, ko da kwaltar a bushe take ƙarau. Ita tayar sanyi an haɗa robarta ta yadda za ta ci gaba da laushi a tsananin sanyi. Ka sa farce ka danna zanenta, za ka ji yana lanƙwasa, ka kuma ga ƙananan tsagogi birjik masu kama da zanen zigizaga a kan kowane tudu na zanen. Idan taya ta taka ƙasa, tsagogin nan suna buɗewa su ciji dusar, su kuma tsotse ɗan siririn ruwan da ke saman ƙanƙara, wanda shi ne ainihin abin da ke jawo santsi. A Montreal kuwa ba batun digiri 7 ake ba. A Janairu ana kwana ana tashi a ƙasa da sifili, wani lokaci har ƙasa da shi da digiri 20.

Shawarata biyu ce. Ka nemi layi a gareji tun cikin Oktoba, domin in ka bari dusar farko ta sauka, kowa zai ruga a lokaci guda, ka yi ta jira. Sannan in aljihu zai ɗauka, ka sayi tayoyin da nasu rim na baƙin ƙarfe. Ba su da kyan gani, na sani, amma kuɗin canji duk shekara zai ragu sosai tunda kwance ƙafa kawai za a yi a ɗaura wata, ba sai an ɓare taya daga rim ba, gishirin da ake watsawa a titi kuma ba zai ci maka rim ɗinka masu kyau ba.

Tambaya ta biyu, daga wata uwargida a Calgary:

"Malam, motata RAV4 ce mai fowil, ni ke kai yara makaranta. Maigidan ya ce tunda ƙafafunta huɗu duka suna ja, ba ma bukatar tayar sanyi. Ni kuma hankalina bai kwanta ba."

Hajiya, hankalinki ya fi gaskiya, sai dai a isar wa maigida da saƙon cikin lalama. Rabin maganarsa daidai ne. Fowil yana taimaka wa mota ta tashi daga inda take tsaye, ta hau tudu, ta fita daga dusar da ta tarar a bakin gida. Nan aikinsa ya ƙare. Idan kika taka birki, motarki da ƙaramar motar maƙwabciyarki duk ɗaya ne: kowace tana da birki a ƙafa huɗu, kuma abin da ke tsayar da ita shi ne ɗan wurin da roba ta taɓa ƙasa, wanda bai wuce faɗin tafin hannu ba a kowace ƙafa. Taki ma ta fi nauyi, don haka ta fi wuyar tsayawa. Haka abin yake a kwana. Haɗarin motoci masu fowil shi ne suna ruɗar direba: tunda motar ta tashi ba gardama, sai ya ɗauka hanya lafiya lau take, ba zai san akwai santsi ba sai ya zo danja ya taka birki ya ji motar tana tafiyarta.

Lardinku na Alberta bai tilasta wa kowa sa tayar sanyi ba, wannan gaskiya ne. Amma garinku yana da wata ɗabi'a da ta sa na fi matsa miki. Iskar nan mai ɗumi da ke gangarowa daga duwatsu, wadda suke kira Chinook, takan narkar da dusar da rana, dare ya yi ruwan ya sake daskarewa. Da safe, lokacin da kike fita da yara, titin unguwa ya zama gilashi, a ido kuma sai ki ga kamar jiƙa kawai ya yi. A irin wannan wurin ne tayar sanyi ta gaske, irin su Bridgestone Blizzak ko Michelin X-Ice Snow ko Nokian Hakkapeliitta, ke nuna bambanci. Kuma in kuna zuwa hutu yamma, ku sani manyan hanyoyin duwatsu na lardin British Columbia suna da tasu dokar taya daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu.

Wani abu da ake mantawa: iskar taya tana raguwa in sanyi ya ƙaru. Ki riƙa duba ta aƙalla sau ɗaya a wata, da safe kafin motar ta yi tafiya, ki bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba.

Tambaya ta uku, daga wani mai tuƙin haya a Toronto:

"Kuɗi sun yi mini ƙaranci. Zan iya sa biyu kawai a gaba tunda motar da gaba take ja?"

A'a ɗan'uwa, kada ka yi. Gaba zai kama ƙasa, baya kuma babu abin da ke riƙe da shi, ka shiga kwana ko ka taka birki da ƙarfi sai bayan motar ya zagayo ya wuce gaba. Huɗu ake sawa, iri ɗaya.

Game da kuɗi, ka sake lissafi. Watannin da tayoyin sanyi ke kan mota, na bazara suna hutawa a ɗaki, don haka kowane saiti zai daɗe. Abin da ya ƙaru a kanka na gaske shi ne kuɗin rim da na canji da wurin ajiya. Ka kuma kira kamfanin inshorarka, domin tun Janairun 2016 doka ta wajabta wa kamfanonin inshora a lardinku na Ontario su yi rangwame ga mai tayoyin sanyi. Ba shi da yawa, amma haƙƙinka ne, kuma sau da yawa sai ka tambaya. Idan na hannu za ka saya, ka je da ma'aunin zurfin zane, ɗan ƙaramin abu ne mai araha. Tayar sanyin da zanenta ya sauka ƙasa da milimita 4 ta ci rabin amfaninta ko fiye, ko da doka ba ta hana hawanta ba. Tayoyin sanyi masu ƙananan ƙusoshin ƙarfe a jiki kuwa ka manta da su, a Ontario mazauna arewacin lardin kaɗai aka yarje wa.

Tambaya ta huɗu, daga wani ɗan kasuwa a Hamburg:

"Malam, a bene nake zaune, ba ni da wurin ajiye tayoyi huɗu. Dusa kuma ba ta cika sauka a nan ba, ruwan sama ne ya fi yawa. Ba wata mafita?"

Akwai, Alhaji, kuma kai ne mutumin da aka yi ta dominsa. Tsakanin tayar sanyi zalla da tayar duk shekara ta gama-gari akwai ta uku: taya ce da ake hawa shekara duka amma tana ɗauke da tambarin dutsen nan mai kawuna uku. Michelin CrossClimate 2 na cikin waɗanda aka fi sani, su Goodyear da Continental ma suna da nasu. A kan ƙanƙara mai sulɓi ba ta kai tayar sanyi zalla ba, a tsakiyar zafin bazara kuma ba ta kai tayar bazara ba, amma ga mazaunin gari mai ruwa da sanyi matsakaici irin naka, wanda ake share titunansa da wuri, ni ita zan saya ba tare da dogon tunani ba.

Dokar Jamus ba ta sa rana ba, yanayi take bi. Idan akwai ƙanƙara ko dusa ko taɓon dusa a hanya, dole tayarka ta zama ta sanyi, in ba haka ba tarar yuro 60 ce da makin laifi ɗaya a rajistar direbobi ta ƙasa da ke Flensburg, in ka tare wa jama'a hanya ta koma 80. Abin da za ka kiyaye shi ne tun 1 ga Oktoban 2024 an daina karɓar tsofaffin tayoyi masu M+S kaɗai, sai masu tambarin dutse. To ka duba da idonka kafin ka biya, kada ka tsaya ga bakin mai shago. Amma fa in harkarka tana kai ka kudu cikin hunturu, wajen Bayern ko tsallaka duwatsu zuwa Ostiriya, maganar ta canja: ka sayi na sanyi zalla, ka biya gareji su ajiye maka ɗaya saitin, kusan kowane shagon taya a can yana yin wannan.

Tambaya ta biyar, daga wani direba a Kano:

"Malam, ni ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Amma na je sayen tayar Beljiyam, mai shagon ya nuna mini wasu masu zane mai zurfi da ɗan hoton dutse a jiki, ya ce ai na Turawa ne na musamman, sun fi ƙarfi. Kuɗinsu ma bai kai na sauran ba. In ɗauka?"

Malam direba, ajiye musu kayansu. Tayoyin da muka yi ta yabo a sama su ne aka nuna maka, sai dai an kawo su inda ba a yi su dominsa ba. Turawa sun gama cin moriyarsu, aka loda a kwantena. Wasu ma a jikin motocin tokumbo suke shigowa, mai mota ya yi ta yawo da su bai sani ba. Zurfin zanen da ya burge ka gaskiya ne, amma robar mai laushi ce, an haɗa ta don ƙasa da digiri 7. Ka ɗora ta a kan kwaltar Kano zuwa Zariya a watan Afrilu, zafi ya haura 40, ga lodi, ga gudu. Za ta suɗe da wuri, za ka ji motar tana lilo a kwana, birkinka kuma zai yi tsawo fiye da yadda ka saba. Zafi da lodi da tsufan roba su ne manyan abubuwan da ke fasa taya a hanya, ita kuma wannan ta haɗa su duka. Araha ba ta ado.

Ba kowace mai tambarin dutse ce ta sanyi zalla ba, kamar yadda na faɗa wa Alhajin Hamburg, amma a kasuwar gwanjo ba ka da mai tantance maka. Idan ka ga tsagogin nan ƙanana sun cika zanen, ko an rubuta Blizzak ko X-Ice ko Hakkapeliitta, ko wani suna mai ɗauke da hoton dusa, ka wuce.

Kowace taya za ka saya, sabuwa ko ta hannu, ka nemi layin rubutun da ya fara da DOT a gefenta. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 3519, an yi ta a mako na 35 na shekarar 2019. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai ake buga cikakkiyar lambar, don haka ka sa yaron shagon ya juya maka ita. In ka ga wurin an kankare ko an goge, kada ka tsaya jin bayani. Ka kuma leƙa cikinta ka shafa da hannu ko akwai faci ko kumburi, ka lanƙwasa gefen ka ga ko robar ta fara tsattsagewa.

Mai tambaya kan batirin mota a lokacin sanyi, da mai tambaya kan ruwan wanke gilashi da ke daskarewa, ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.