Ga ƙanwata da ta yi kuka gaban fim ɗin 'yar riƙo

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambayarki ta hana ni barci. Kin ce kun kalli fim ɗin nan na yarinyar da aka kai riƙo birni, ke da mutanen gidanku, kowa na dariya ana cewa yarinyar ta cika taurin kai, ke kuwa kika shige ɗaki kina kuka, don ke ma a hannun gwaggo kika girma. Kina tambaya ko ki faɗa wa Innarku abin da kika sha a can, ko ki bar kaza cikin gashinta, ga shi kuma ana maganar kai autarku Agadas bayan Sallah.

Wallahi ba ke kaɗai ba ce. Mu ma nan unguwar Garin Malam a Damagaram mata suka cika tsakar gidan maƙwabciyarmu ranar da yaronta ya samo shi wurin masu tura finafinai na Kasuwar Dole. Duk inda uwar riƙon ta buɗe baki sai shewa, don matar ta iya habaici. Tsofaffi na cewa ai riƙo haka yake, mu ma haka muka tashi, ga mu ba mu mutu ba. Samarin fadar ƙofar gida kuwa da suka gani daga baya cewa suka yi yarinyar ba ta da kunya, tunda ta ɗaga ido ta dubi babba. Amma da aka zo wurin da uwarta ta zo ganinta, ta tambaye ta ya zaman birni, ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau, na duba gefena na ga wata baiwar Allah mai jikoki tana share ido da bakin mayafi. Masu dariyar nan ba mugaye ba ne, a ɗakin uwarsu suka girma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ni yunwar 2005 ce ta fitar da ni daga ƙauyenmu can wajen Matamaye. Kin san yadda aka yi, fara da ƙarancin ruwa sun cinye daminar 2004, rumbuna suka ƙare tun kafin bazara. Kawu ya zo ya ce a ba shi ni, zai sa ni lakwal a Damagaram. Ya kuwa sa ni, ba zan ɗauki alhakinsa ba a nan. Amma matarsa ba ɗiya ta karɓa ba, 'yar aiki ta samu wadda ba a biya. Kin san garin nan da ruwa, bisa dutse yake, daga nesa ake jawo mana shi, su Gogo Machaya da Arunguza, in zafi ya yi famfo sai ya yi kwanaki bai ɗigo ba. Ni ce mai tashi tun kafin kiran assalatu in bi layi da bido, 'ya'yanta na kwance. In na dawo ga wanke-wanke, ga tallar awara kafin in tafi lakwal, in je a makare mushe, wato malamin lakwal, ya dake ni, in dawo da saura ita ma ta dake ni.

Duk wannan na iya haɗiyewa. Abin da har yau bai wuce mini a maƙogwaro ba shi ne ranar da kuɗi jika ɗaya suka ɓace a ƙarƙashin katifarta, saura kaɗan mu zauna jarrabawar CFEPD ta ƙarshen firamare. Ba ta tambayi kowa ba sai ni. Ta tuɓe ni a tsakar gida gaban maƙwabta, ta zazzage jakar lakwal ɗina, ta yaga takarduna tana cewa a ciki na ɓoye, ta dake ni da tiyo har na kasa kwanciya a bayana. Tana dukana tana faɗin 'yar mayunwata, mun ɗauko ki kina warin yunwa. Wannan kalmar ta fi tiyon ciwo, don uwata ta zaga, uwar da ta bar cikinta da yunwa ta ba mu abin da ta samu. Daga baya kuɗin suka fito a aljihun babban ɗanta. Ba wanda ya ce mini ki yi haƙuri. Kawu na zaune a zaure yana jin kukana, da ya shigo sai ya ce a rage hayaniya yana da baƙi. Shi na fi jin haushi, wallahi, don shi ne jinina, shi ya yi wa Innarmu alkawari. Yau matar nan in mun haɗu wurin biki sai ta riƙa nuna ni tana cewa ni na raini wannan.

Bayan abin da 'yan kwanaki Innarmu ta zo suna. Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta jawo ni gefe ta tambaye ni a gaban mutane. Ta dube ni daga nesa, ni kuma na gaishe ta kamar baƙuwa. Kunyar ɗan fari ta rufe mata baki, tsoron matar Kawu ya rufe nawa. Ta koma gida tana gaya wa mutane ɗiyarta na cikin daɗi a birni.

To ki faɗa mata. Amma don Allah ba a gaban tele ba, ba kuma cikin taron da aka yi miki dariya ba, nan za a ce fim ya ɗauke miki hankali. Ki bari sai kun rage ku biyu, ko da dare ne bayan isha'i. Kada ki fara da kin ba da ni, in ta ji kamar ƙararta kike yi za ta kare kanta ne, ta ce zumunci. Ki ce Inna akwai abin da ba ki sani ba. In bakinki ba zai iya ba, ki samu ƙanwarta ko wata aminiyarta mai riƙe sirri ta zauna tare da ku. Ni sai bayan na haihu na gaya wa tawa, ta yi ta kuka tana cewa me ya sa ba ki faɗa ba, da na zo na ɗauke ki ko da garin rogo za mu sha. Ban san amsar da zan ba ta ba.

Kuma kada ki sa rai gwaggonki za ta nemi gafara. Ba sa nema. Ki gaishe ta in kun haɗu don Allah ya ce a sada zumunci, amma ba dole ki kwana gidanta ba. Masu cewa ki yafe ki manta, yafiya tsakaninki da Ubangijinki ce, ki yi ta lokacin da zuciyarki ta sauka, ba don an matsa miki ba. Ni ina roƙon Allah Ya ba ni ikon yi, har yau ban kai ba.

Wata a ƙasan tambayarki ta rubuta cewa irin waɗannan finafinai na Kano su ke koya wa yara raina manya. 'Yar'uwa, ba fim ya koya mini ciwon tiyo ba. Kuma ban ce duk riƙo zalunci ne ba, na san wadda gwaggonta ta riƙe har ta gama jami'ar André Salifou, ta yi mata kayan ɗaki fiye da na 'ya'yan cikinta. Allah Ya saka wa irinsu da Aljanna.

Maganar autarku ita ce ta gaggawa. In har ba makawa sai ta tafi, ki tsaya a san lakwal ɗin da za ta shiga tun kafin ta hau mota. Tun ƙarshen 2017 gwamnati ta sa hannu kan dokar kare karatun 'ya mace har ta kai shekara 16, ki faɗa wa Babanku haka ko zai ƙara nauyi. Ki samu lambar wata maƙwabciya a can, ba ta gidan kaɗai ba. In kin kira yarinyar kada ki tambaye ta lafiya, lafiya lau za ta ce. Ki tambaye ta ƙarfe nawa take tashi, wa ke ɗebo ruwa, me ta ci jiya da dare, da wa take kwana. Hutun ƙarshen shekara kuma a dawo da ita gida ku ga jikinta da idonku, ko da ke za ki biya kuɗin motar.