Amsa ga mai tambaya kan masu taɓin hankali da ke kwana a titunan Amurka

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ka ga hotunan masu taɓin hankali suna kwana a bakin titi a Amurka, wani kuma ya gaya maka cewa rufe asibitocinsu ne ya jawo haka, kana neman sanin ko gaskiya ne. Ni ma'aikacin jinya ne, na daɗe ina aiki a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa na wani asibiti a birnin New York. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa.

A 1955 akwai marasa lafiya kusan 560,000 a asibitocin ƙwaƙwalwa na jihohin Amurka, yau kuwa gadajen da suka rage ba su kai 50,000 ba, alhali jama'ar ƙasar sun ninka. Ba da mugun nufi aka fara sallamar mutane ba, domin da yawa daga cikin asibitocin nan sun fi kama da gidan yari, mutum ya shafe shekara ashirin a kulle babu mai leƙa shi. Da maganin Thorazine ya fito a 1954, sai aka ga cewa mai ciwon zai iya zama cikin jama'a. A 1963 Shugaba Kennedy ya sa hannu a dokar da ta tanadi ƙananan cibiyoyin kula da su a unguwanni, an yi niyyar gina 1,500, amma kusan rabi kawai aka gina. Tsarin Medicaid na 1965, wato inshorar lafiya ta gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi, kuma ya hana gwamnatin tarayya biyan kuɗin jinyar baligai a manyan asibitocin ƙwaƙwalwa, saboda haka jihohi suka ga sallama ta fi musu arha. An fitar da mutanen, kuɗin kula da su bai biyo su ba.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, akasarin sallamar an yi ta ne a shekarun 1960 da 1970, amma kwanan titi bai bayyana sosai ba sai a shekarun 1980. A tsakanin nan mutanen suna zaune ne a ɗakunan haya masu arha da ake biya mako-mako, waɗanda daga baya aka rushe ko aka mayar da su gidajen masu kuɗi. Ciwon ya sa su ne suka fara faɗuwa, amma tsadar haya ce ta janye tabarmar.

Akwai wani dattijo da ba na mantawa da shi, mai ciwon da ke sa mutum jin muryoyin da babu su. 'Yan sanda su kawo mana shi ba ya cikin hayyacinsa, mu yi mako biyu muna ba shi magani har ya dawo mutum mai natsuwa da ladabi, yana ba mu labarin mahaifiyarsa. Sai a sallame shi zuwa gidan kwanan marasa matsuguni, inda maza da yawa ke kwana ɗaki ɗaya, a sace masa magani, ba shi da wayar da za a tuna masa ranar ganin likita. Sau huɗu ya dawo mana a shekara guda. Titin ma kansa yana ƙara ciwon, domin wanda ba ya samun barci, kullum cikin tsoro, ko lafiyayye ne hankalinsa zai taɓu, wasu kuma daga nan suke faɗawa shaye-shaye. Waɗanda ba su zo hannunmu ba, sau da yawa a gidan yarin Rikers suke ƙarewa, kuma wannan na damuna ƙwarai.

A ganina ana buƙatar ƙarin gadaje don masu ciwo mai tsanani, amma ban yarda a koma kulle mutane ba. Italiya ta yi dokar rufe irin waɗannan asibitoci a 1978 bisa jagorancin likita Franco Basaglia, kuma a birnin Trieste abin ya yi kyau saboda an buɗe cibiyoyin unguwa da ke aiki dare da rana. A nan New York, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Sam Tsemberis ya fara wani tsari a 1992 na ba mutum ɗaki tukuna, ba tare da sharaɗin sai ya warke ba, sannan ma'aikata su riƙa bin sa gida da magani. Ta irin wannan tsari dattijon nan ya samu ɗakinsa, bayan ya yi jiran kusan shekara biyu, kuma tun daga lokacin sau ɗaya kawai muka sake kwantar da shi.