Tambaya da Amsa: Zan iya kiwon fararen ɓeraye a gida don ciyar da mesa da mujiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina aiki a wani ƙaramin gidan ajiye namun daji, ni ke kula da ƙananan mesa huɗu da mujiya biyu. 'Yan tsaki muke saya musu, to yanzu sun yi tsada, wani lokacin ma sai a yi mako ba a samu ba. Wani abokina ya ba ni shawarar in kiwata fararen ɓeraye a gida in riƙa kawowa ana biya na. Akwai ɗaki a bayan gidana da ba kowa a ciki. Da guda nawa zan fara, me zan riƙa ba su, kuma ba wani haɗari ga iyali? Maiɗakina tana da juna biyu, ga kuma yara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da tambayarka ta ƙarshe zan fara, domin ta fi sauran nauyi.

Farin ɓeran da aka haifa a keji, wanda iyayensa da kakanninsa ma a keji suka tashi, ba shi ne babban abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne baƙin da abincinsa zai gayyato maka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: ɗakin da ake zubar da dusa da masara kullum sai ɓerayen gari sun san da zamansa. Daga cikinsu akwai ɓeran nan mai nonuwa da yawa, wanda ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, kuma ta fitsarinsa da kashinsa take kama mutum. Akwai wata ƙwayar kuma, LCMV, wadda ɓeran gida ke ɗauka ya shafa wa na keji. A jikin lafiyayyen baligi yawanci ba ta wuce zazzaɓi da ciwon kai, amma ga mai juna biyu tana iya jawo ɓari, ko ta taɓa ƙwaƙwalwa da idanun jaririn. A 2012 ta kama ma'aikatan wata gonar kiwon ɓerayen ciyarwa a jihar Indiyana ta Amurka, wato ba ta bar ma manyan masu sana'ar ba. Don haka maiɗakinka kada ta shiga ɗakin, kada ta wanke mazubi ko kayan da ka yi aiki da su. In kuma ɗakin manne yake da kicin ko rumbu, gara ka nemi wani lungu a wurin aikinku ka kafa kiwon a can. Ni da ma hakan na fi so maka.

In ɗakin ya yi nesa da inda ake girki, to ka toshe shi tsaf tukuna kafin ɓera ko ɗaya ya shigo. Ramin da fensir zai shiga, ƙaramin ɓera zai bi ta cikinsa. A liƙe tsagar bango da siminti, a sa ragar waya a taga, a duba ƙarƙashin ƙofa. Abincinsu a ajiye shi cikin durom mai murfi, ba a buhu ba. Kai kuma safar hannu da takunkumi in za ka kwashe shimfiɗa, ka yayyafa mata ruwan bilic kafin shara don kada ƙura ta tashi, sannan ka wanke hannu da sabulu. Wannan na ƙarshe saboda ƙwayar cutar salmonela ne, mai sa gudawa, wadda ɓeraye da macizai duk suna ɗauke da ita, yara kuma ta fi wahalarwa.

Batun guda nawa kuwa, daga bakin masu ci ake fara lissafi. Mutane sukan zaci maciji ne mai cin tsiya, alhali kuwa ba haka ba ne. Ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa in ta girma sau ɗaya take ci a kwana 10 zuwa 14, ɓera biyu ko uku in manya ne. Huɗun taka za su ci kamar ɓera 17 zuwa 36 a wata. Mujiya ce za ta karya ka: matsakaiciya tana cin biyu ko uku kowane dare, ka ga biyun sun kai 120 zuwa 180 a wata. Ta ɓangaren haihuwa kuma, cikin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne, takan haifi 6 zuwa 12, ana yaye 'ya'yan a kwana 21 zuwa 28. In muka ɗauki takwas a wata ga kowace uwa, mata shida za su ba ka wajen 48. Don haka ka fara da baho biyu, kowanne namiji ɗaya da mata uku. Wannan zai ɗauke maka macizan gaba ɗaya, ragowar ka riƙa haɗa wa mujiyoyin da 'yan tsaki. Ciyar da kowa da ɓera zalla sai da uwaye ashirin ko fiye, wannan kuwa aiki ne na yini guda, ba na wanda zai dawo daga aiki ya leƙa ba.

Kada ka kama na gida ko na daji ka ce za ka yi iri da su. Ka tambaya a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, ko a ɗakunan kiwon dabbobin gwaji na jami'o'in da ke koyar da haɗa magunguna da likitancin dabbobi, irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ka zaɓi 'yan mako 6 zuwa 8, masu sheƙin gashi da buɗaɗɗen ido, ba masu atishawa ko jiƙaƙƙen gindi ba. Mazan su fito daga wani gida dabam da na matan.

Keji bai buƙatar tsada. Bahon roba mai murfi, kamar santimita 45 da 30, mai santsi a ciki ta yadda haƙori ba zai sami wurin kamawa ba, ya wadatar. A yanke tsakiyar murfin a ɗaura ragar waya mai ƙananan ido. Shimfiɗa a yi ta da ɓawon katakon da injin kankare katako ke fitarwa a wurin kafintoci, busasshe, ba garin zarto mai laushi ba, domin shi yana shiga hanci. A canza ta sau ɗaya ko biyu a mako. In ka buɗe murfi warin fitsari ya yaji idonka, to su da hancinsu ke ƙasa sun daɗe suna shan wuya. Ka sa musu yagaggen takarda su yi sheƙa, ban da auduga, don zarenta na naɗe ƙafar jariri har ta mutu. Ƙafafun kantar da ka jera bahunan su tsaya cikin gwangwanayen ruwa, in ba haka ba kiyashi na iya gama da jarirai a dare ɗaya.

Wani babban abin da ke kashe kiwon nan a ƙasarmu shi ne zafin bazara. Ɓera yana jin daɗi ne tsakanin digiri 20 da 26. In zafi ya haura 30 haihuwa ta fara ja da baya, uwaye su rage nono. A watan Afrilu kuwa, ɗaki mai rufin kwano ba silin yana wuce 40 da rana, sai ka tarar da su kwance a miƙe, haɓa jiƙe da miyau, kafin la'asar an fara mutuwa. Ɗakin ƙasa ya fi na bulo sauƙi. Ka sauko da bahuna kusa da ƙasa, ka rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a taga, ka kifa musu guntun kaskon ƙasa su shige ciki, ka kuma rage yawansu tun kafin zafin ya kankama. Da hunturu ƙarin takarda kawai suke so.

Babban ɓera yana cin giram 3 zuwa 5 a rana, mai shayarwa tana ninka haka. Abincin kaji masu tasowa na dunƙule, wanda ba a sa masa magani ba, za ka iya amfani da shi. Na kaji masu ƙwai kada ka ba su, alli ya yi yawa a ciki. Ga masu ciki da masu goyo ka ƙara gasasshen waken suya ko ɗan garin kifi, ka jefa musu zangarniyar gero su yi ta gaigaya, da ma haƙoransu ba sa daina tsiro. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna guba ce. Ruwa a kwalba mai bakin ƙarfe, kuma kullum ka taɓa bakin da yatsa ka ga yana ɗigowa.

Jarirai ana haifarsu jajur, ba gashi, ido rufe. Ka leƙa ba tare da ka taɓa ba: in ka ga wani farin tabo a gefen cikinsu, nono ne ake hangowa ta cikin fata, sun sha ke nan. Kwana biyu ko uku na farko ka bar su kurum, domin uwar da aka dama, ko ta rasa ruwa, ko abincinta ya gaza, tana cinye 'ya'yanta. Gashi na rufe su wajen kwana 10, ido ya buɗe wajen kwana 12 zuwa 14. Uwa kuma tana iya ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu, shi ya sa wadda ka ga ta rame sai ka ware ta kafin haihuwa ta huta zagaye ɗaya. Kada ka sako baƙon namiji ga macen da ba ta daɗe da ɗaukar ciki ba, warinsa kaɗai na sa cikin ya lalace. Da an yaye, ka raba maza da mata, don a mako 5 zuwa 6 sun fara barbara. Namiji tazarar da ke tsakanin dubura da al'aurarsa ta fi ta mace tsawo. Manyan maza baƙin juna ba sa zama baho ɗaya. Uwa in ta kai wata 8 zuwa 10 ka sauya ta da 'yarta, sabon namiji kuma ka killace shi mako uku kafin ka haɗa.

Kada ka jefa wa maciji ɓera da rai. In macijin bai ji yunwa ba, ɓeran ne zai koma yana cizonsa, ga kuma azabar banza da aka ɗora wa dabbar, alhali an umarce mu da kyautata kisa in za mu kashe. Ba nutsarwa a ruwa, ba sa mai rai a firiza, guba kuwa har mai cin za ta kashe. Ka je wurin likitan dabbobi ya nuna maka da hannu yadda ake gocar da ƙashin wuya cikin daƙiƙa guda, wannan ba a koyonsa a rubuce. In kana da firiza mai tsayayyiyar wuta, wadda ba ta abincin gida ba, za su yi wata shida a ƙulle cikin leda. A narkar da su cikin ledar a ruwan ɗumi, wanda ya narke kuma ba a mayar da shi. In wutar unguwarku ba ta da tabbas, ka bar su da rai a baho har ranar ciyarwa, ka zaɓa wa kowane maciji ɓeran da kaurinsa bai wuce inda jikin macijin ya fi kauri ba.